Yadda Maganaɗisu Ke Sa Ƙarfe Magana

Duk wanda ya fita Birnin Zariya ta yamma ya nufi Wusasa ba zai rasa ganin Dutsen Kufena ba, da sauran tsohuwar ganuwar da mutanen da suka kewaye shi da ita. Masu tarihi sun ce sarautar Zazzau ta zauna Turunku, ta zauna Kufena, kafin a kafa birnin da mu ke gani yanzu. Mutanen wannan ƙasa kuwa tun fil azal sun san ƙarfe. A cikin shekarun 1970 malaman Jami'ar Ahmadu Bello, da wani Bature mai suna J. E. G. Sutton, sun tona ƙasa a yammacin Samaru, suka sami murhunan narka tama da tarin kashin maƙera waɗanda suka haura shekara dubu. Watau kakanninmu sun iya fid da ƙarfe daga dutse da hannunsu, ba su jira jirgi ya kawo musu ba.

A gindin dutsen nan akwai makarantar da a da a ke kira St. Paul's, wadda daga baya aka mai da sunanta Kwalejin Kufena. Cikin waɗanda suka yi karatu a can har da Bongos Ikwue, mawaƙin nan mai kiɗa da jita, wanda kuma ya kafa ƙungiyar makaɗa sa'ad da ya ke Jami'ar Ahmadu Bello. Haka nan Bala Miller, wanda ya rasu cikin 2003, ɗan wani limamin Kirista ne mutumin Zazzau, shi ma ya yi suna wajen rera waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan Turawa. Saboda haka jita mai lantarki ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Abin da ya ke baƙo shi ne sanin cikinta. Mun ga ya kamata mu bayyana wa malaman makaranta da akawuna masu karanta wannan shafi wani ɗan ƙaramin abu da ke jikinta, gama a cikinsa akwai darasin kimiyya wanda yaro zai iya yi da hannunsa, kuɗin kayan kuma ba su taka kara sun karya ba.

KUNNEN JITA

Jita irin ta da akwati ne na katako mai rami, kamar yadda garaya da molo su ke da ƙoƙo. Ramin nan shi ke ƙara wa tsirkiya amo. Amma jita mai lantarki gungumen katako ce kurum, in an kaɗa ta ba a jona ba, wanda ke bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji. Muryarta duka tana fitowa ne daga wani ɗan abu mai tsawon yatsa da a ke ɗaurawa ƙarƙashin tsirkiyoyi. Mu a nan za mu kira shi kunnen jita, domin shi ke sauraron tsirkiya ya kai labari ga lasifika.

Abu biyu ne a cikin kunnen nan: maganaɗisu, wanda wasu ke kira mayen ƙarfe, da siririyar wayar jan ƙarfe wadda aka shafa wa fenti aka naɗe kamar zare a kwarkwaron masaƙi. Kaurin wayar da aka fi amfani da ita bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na milimita ba, kusan kaurin gashin kai ke nan, a kan kuwa yi mata naɗi dubu biyar har zuwa dubu goma.

Asalin hikimar daga Michael Faraday ta fito, mutumin Ingila, ɗan maƙeri, wanda ya fara da koyon ɗinkin littattafai. Cikin 1831 ya gano cewa in ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa naɗin waya ya sauya, ko ya ƙaru ko ya ragu, lantarki ya kan tashi cikin wayar. In ƙarfin ya tsaya cik, ba abin da zai tashi. To, tsirkiyar jita ta baƙin ƙarfe ce. Da ya ke tana kusa da maganaɗisu, ita ma sai ta ɗauki halinsa, zama da maɗaukin kanwa. In an kaɗa ta tana rawa, tana matsowa tana ja da baya, sai ƙarfin da ke ratsa naɗin ya riƙa hawa da sauka daidai da rawarta. Tsirkiya ta biyar, alal misali, tana kai da komowa sau 110 cikin daƙiƙa guda, lantarkin da ke tashi cikin naɗin shi ma sau 110 zai juya. Lantarkin nan kaɗan ne, yawanci bai kai rabin na batirin tocila ba, sai na'urar ƙara murya ta karɓa ta ƙarfafa shi ta miƙa wa lasifika.

Ko wane maganaɗisu yana da kai biyu, kan arewa da kan kudu. Arewa da kudu suna jan juna, arewa da arewa suna ture juna. Inda aka sa kawunan nan, da irin ƙarfen da aka yi maganaɗisun da shi, da nisansa da tsirkiya, su ne ke bambanta muryar wannan jita da ta waccan. Masu sana'ar sun bi hanyoyi da dama, ga manyansu.

HANYOYI HUƊU

Ta fari ita ce ta George Beauchamp, mutumin Los Anjalis a Amurka. Cikin 1931 ya ɗauki maganaɗisu biyu masu siffar takalmin doki, ya sa su baki da baki, tsirkiyoyi suka ratsa ta tsakiyarsu, naɗin waya yana ƙasa. Kamfanin da ya kafa tare da Adolph Rickenbacker ya fara sayar da jitar cikin 1932, mutane suka yi mata laƙabi da kaskon suya sabo da siffarta. Maganaɗisun wancan zamani ba su da ƙarfi, shi ya sa sai an yi su manya, suna kuma tare hannun makaɗi.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne wani gauraye da Tokushichi Mishima ya gano a Japan cikin 1931, na baƙin ƙarfe da alminiyam da nikel. Daga baya aka ƙara masa kobal, aka kira shi Alnico. Ɗan guntunsa ya fi tsohon takalmin doki ƙarfi.

Hanya ta biyu ita ce ta kamfanin Gibson, a kunnen da suka fitar cikin 1946 suka kira shi P-90. Sun kwantar da sandunan Alnico biyu ƙarƙashin naɗin, kawunansu iri ɗaya suna fuskantar juna a tsakiya. Tsakanin sandunan suka jera ƙusoshi shida masu murɗi, ko wace tsirkiya da ƙusarta. Da ya ke kawuna iri ɗaya suna ture juna, ƙarfin ba shi da mafita sai ya hau ta ƙusoshin ya tarad da tsirkiya. Naɗinsa faffaɗa ne, wajen dubu goma, muryarsa kuwa kakkaura ce mai ɗan kaushi. Amfanin ƙusa mai murɗi shi ne in wata tsirkiya ta fi 'yan'uwanta ƙara, sai a murɗa ƙusarta ƙasa kaɗan.

Hanya ta uku ta Leo Fender ce, wani mai gyaran rediyo a garin Fulatan na Kalifoniya, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A jitarsa ta 1950, da wadda ya kira Stratocaster cikin 1954, bai sa ƙusa ba. Sai ya tsai da gajerun sandunan Alnico shida a tsaye, ko wace tsirkiya da nata maganaɗisu, kawunansu duka iri ɗaya suna duban sama, ya naɗa waya wajen sau dubu takwas kewaye da su. A Stratocaster ta farko sandunan ba tsawonsu ɗaya ba, an daɗa wa wasu an rage wa wasu don muryoyin shida su zo daidai. Wannan shiri ya kan ba da murya siririya garau kamar ƙararrawa, domin babu tarin baƙin ƙarfe cikin naɗin da zai danne ƙananan amo masu kaifi.

Amma hanyoyin nan uku duka suna da aibi guda. Naɗin waya ba ya zaɓen abin da zai ji. Wayoyin lantarki na gida, da fanka, da taransifoma, duk suna watsa nasu ƙarfin maganaɗisu mai juyawa, sau 50 cikin daƙiƙa a Nijeriya, sau 60 a Amurka. Naɗin ya kan kwashe shi, sai a ji lasifika tana wani ƙugi ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya taɓa zama kusa da lasifika a wurin taro ya san irinsa.

Hanya ta huɗu ita ta yi maganin wannan. Seth Lover, ma'aikacin Gibson, ya nemi takardar mallakar dabararsa cikin 1955, aka fara sa ta a jita cikin 1957. Ya yi naɗi biyu gefe da gefe, ko wane wajen sau dubu biyar, ya kwantar da sandar maganaɗisu guda ƙarƙashinsu, gefenta na arewa yana taɓa ƙusoshin naɗi ɗaya, na kudu yana taɓa na ɗayan. Sa'an nan ya haɗa naɗin biyu yadda lantarki zai zaga ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu.

A nan ya kamata malami ya tsaya ya fahimta sosai, gama nan ne gishirin zancen. Ƙugin da ke zuwa daga waje bai damu da maganaɗisun jita ba, naɗin kaɗai ya sani. Ya kan shiga naɗin biyu daidai wa daida, amma tun da zagayensu ya saɓa, abin da wannan ya tura gaba wancan ya ja baya, sai su kashe juna. Muryar tsirkiya kuwa ta juyu sau biyu: sau ɗaya sabo da kan maganaɗisu ya saɓa, sau ɗaya sabo da zagayen waya ya saɓa. Mutumin da ya juya baya sau biyu ya koma duban inda ya ke duba da fari. Saboda haka muryar tsirkiya daga naɗin biyu ta kan haɗu ta ƙaru, ƙugi ya mutu. Sai dai ba a samun komi a banza. Kunne mai naɗi biyu yana sauraron wuri mai faɗi a jikin tsirkiya, don haka muryarsa ta fi kauri, ta kuma rasa wani abu na kaifin ta Fender. Har yau makaɗa sun rabu biyu a kan wadda ta fi daɗi.

WAƊANDA SUKA YI DA HANNUNSU

Kada mai karatu ya zaci sai babban kamfani ke iya wannan aiki. Cikin 1963 wani ɗan makaranta a Ingila mai suna Brian May, da ubansa, suka fara sassaƙa jita da katakon tsohon murhun ɗaki. Yaron ya naɗa kunnuwanta da kansa a kan ƙananan maganaɗisu da ya saya, amma kawunansu suka zo a cakuɗe, arewa kusa da kudu. In ya kaɗa tsirkiya a inda ta ke, lafiya lau. Da zarar ya tura ta gefe da yatsa don ya ja murya, sai ta ƙetare daga arewa zuwa kudu, amon ya ɓaci. Dole ya cire su ya sayi na kanti. Da wannan jita ya yi suna a ƙungiyar Queen, kuma bai yar da karatu ba, gama cikin 2007 ya sami digirin dakta a ilmin taurari. Darasin da ke nan shi ne, cikin jeri guda kawunan maganaɗisu su zama iri ɗaya duka.

A Afirka ma an yi. A Kinshasa ta ƙasar Kwango, Mingiedi Mawangu, wanda ya kafa ƙungiyar Konono cikin shekarun 1960, yana kaɗa wani ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da a ke taɓawa da manyan yatsu, sunansa likembe. Hayaniyar birni ta danne muryar abin. Sai ya ciro maganaɗisu daga tarkacen motoci, ya naɗa musu waya, ya jona da lasifika. Amon da ya fito mai kaushi ne, ba irin wanda injiniya zai yaba ba, amma da faifansu ya fita cikin 2004 wannan kaushin ne ya kai su Turai da Amurka.

Kusa da mu kuma, a Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, Buzu, wanda yanzu a ke jin jitarsa ko ina a duniya, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke.

ME YA SA GOGE BA YA AMSAWA

Wani zai tambaya, to, me zai hana a sa wa goge ko kukuma wannan kunne? Amsa ita ce maganaɗisu ba ya jin komi sai ƙarfen da ya ke ja. Tsirkiyar goge da ta kukuma izgar doki ce. Ko ta fata, ko ta roba irin ta masunta, duk ɗaya ne a wurinsa, ko an kaɗa su har hannu ya gaji, kunnen ba zai motsa ba. Shi ya sa makaɗan gargajiya su ke kara makirfo a jikin ƙoƙo, ko su manna wani ɗan faifai mai jin girgizar fata. Amma in aka ɗaura wa gurmi ko garaya wayar baƙin ƙarfe, irin silin da a ke warewa daga wayar birkin keke, nan take kunnen maganaɗisu zai ji ta. Ga fili nan a buɗe ga yaro mai basira.

YADDA ZA A GWADA A AJI

Kayan da a ke bukata duk ana samunsu wurin masu gyaran rediyo da 'yan gwangwan a Sabon Gari ko Tudun Wada. Amma sai an san halin ko wane maganaɗisu.

Baƙin zoben nan da ke bayan tsohuwar lasifika, na wani irin yumɓu ne mai ƙarfe wanda kamfanin Philips na Holan ya fitar wajen 1950. Fuskarsa ɗaya arewa ce, ɗayar kudu, ko ya fashe ko wane guntu haka ya ke. Shi ya fi dacewa da aji. A kwantar da guntunsa, a tsai da gajerun ƙusoshi a kansa, dukansu za su ɗauki kai iri ɗaya. Jitoci masu araha da a ke kawowa kasuwa yawancinsu haka aka yi su.

Akwai kuma farin maganaɗisu mai walƙiya da a ke cirowa daga ma'ajin kwamfuta, wanda aka ƙago a Japan da Amurka farkon shekarun 1980. Ƙarfinsa ya wuce misali, ya kan matse yatsan yaro har ya ji ciwo. A yi hattara da shi ta hanya uku. Na farko, irin wanda ke cikin kwamfuta yana da arewa da kudu a fuska guda, watau zai jawo matsalar Brian May. Na biyu, zafi kaɗan ke raunana shi, tun bai kai zafin tafasasshen ruwa ba, don haka kada a kusantar da ƙarfen narka dalma gare shi. Na uku, in ya matso tsirkiya ƙwarai zai riƙe ta, rawarta ta mutu da wuri, muryarta ta riƙa karkarwa. Maganaɗisu mai ƙarfi sai a nisanta shi, mai rauni a matso da shi.

Kafin a manna komi, a bi kawunan ɗaya ɗaya da kamfas, allurar nan mai nuna arewa, a ɗiga wa ko wane kan arewa jan fenti. Wannan ɗan aiki na minti biyar shi ke hana a warware naɗin yini guda.

Wayar da masu naɗin fanka ke aiki da ita ta yi kauri, naɗi kaɗan za ta cika wurin, murya ta fito a raunane, ko da ya ke don gwaji ta isa. Siririya tana cikin injin agogon bango mai batir, ɗan naɗin da ke ciki ma in an ɗora shi bisa maganaɗisu ya zama kunne ke nan. A yanka kwali mai tauri biyu, sama da ƙasa, a huda su a zura ƙusoshi, a rufe ƙusoshin da takarda don kada su kankare fentin waya. Ana iya juya kwarkwaron da keken ɗinki, yaro ɗaya yana takawa a hankali, ɗaya yana saki da yatsa biyu, na uku yana ƙidaya. In waya ta tsinke a kankare bakin biyu a haɗa da dalma, a shafa fenti, a ci gaba. Bayan an gama a tsoma naɗin cikin narkakken kakin zuma wanda bai yi zafi ƙwarai ba, domin wayoyin su manne, in ba haka ba za su riƙa motsi lasifika ta yi ta kuwwa.

Sa'an nan a kafa ƙusa biyu a kan katako, a ɗaura wayar birki a ja ta tam, a sa kunnen ƙarƙashinta, a jona shi da na'urar ƙara murya ta makaranta. Kada a kusanci wayar lantarkin bango ko kaɗan, kunnen ba ya bukatarta. A bar yara su kaɗa su ji. A cire maganaɗisu, su ji an yi tsit. A mai da shi, a sauya wayar da izgar doki, su sake jin tsit. A kai kunnen kusa da fanka su ji ƙugi, sa'an nan a haɗa masa ɗan'uwansa mai kai da zagaye saɓani, su ji ƙugin ya faɗi. Ko wane mataki a tambaye su dalili kafin a gaya musu.

ABIN DA MU KE NUFI

Mun sani akwai iyayen da ba su son a ambaci kiɗa kusa da 'ya'yansu, ba mu kuwa ce a mai da makaranta gidan makaɗa ba. Dokar da ke cikin kunnen jita ita ce ke cikin ɗan injin fitilar keke, da janareta, da manyan injunan madatsar Kainji da aka gama cikin 1968. Bambancinsu girma ne kawai. Jita dai ita ce ta fi sauƙin shigowa aji, kuma sakamakonta kunne ke ji nan take.

Abin da ke damunmu shi ne yawan ɗaliban da ke fita makaranta sun haddace sunan Faraday da shekararsa, sun ci jarrabawa, amma ba su taɓa riƙe maganaɗisu da waya tare ba. In ɗalibin nan ya zama malami, abin da ya haddace shi zai haddatar, a yi ta tafiya haka. Mai naɗin fanka a bakin kasuwa yana da hannu ba shi da dalili, ɗan makaranta yana da dalili ba shi da hannu, ga su gari ɗaya ba su san juna ba. Gani ya kori ji. Muna roƙon shugabannin makarantu, da malaman kwalejojin horad da malamai, su gayyato irin waɗannan masu sana'a aji ko da sau ɗaya ne a zango. Akawunan da ke tsara kuɗin kayan aiki kuma, in malami ya rubuto yana neman 'yan kuɗin waya da dalma, kada a tura takardarsa ƙarƙashin fayil.

Mutanen da suka narka tama a ƙasar nan ba su da littafi, amma sun lura, sun gwada, sun koya wa 'ya'yansu. Jikokinsu ga littafi ga makaranta, saura gwadawa. Allah ya ba malamanmu himma, ya sa wa yaranmu albarka, amin.